Duna a Ƙarƙashin Gadon Oga Modi

Ko tsufa zai zubar mini da haƙora har in koma shan kunu da tsinke, ba zan manta da wata ranar Alhamis ta bazarar bara ba, ranar da aka kore ni daga aiki sau biyu tsakanin hantsi da azahar saboda kare. Ku sababbin shiga, Lawali da Nura, tun zuwanku kuke tambayata dalilin da ya sa ake ajiye wani tsohon buhu a ƙarƙashin gadon motarmu, da kuma abin da ya sa Oga Modi ya kusa cinye Nura ɗanye ranar da ya ɗauko buhun zai goge taya. To ga labarin na rubuta muku, bakina ya huta da maimaitawa.

Saboda wanda zai karanta bai san mu ba, bari in fara da bayanin wurin. Muna aiki ne a wani ƙaramin asibitin dabbobi mai zaman kansa a Boɗinga. Yawancin aikin ba a cikin gari yake ba, mu ne muke bin ƙauyuka da rugage muna yi wa shanu da awaki da karnuka allurar riga-kafi, wani lokaci mu yi kwana biyu ko uku ba mu dawo ba. Shi ya sa muke da motar tafi-da-gidanka. Tsohuwar bas ce aka cire mata kujerun baya, aka kafa gadon ƙarfe a gefe guda, aka sa ɗan murhun gas da jarkar ruwa da akwatin ƙanƙara na ajiye magani. Idan ka leƙa ciki sai ka rantse ɗakin gwauro ne aka sa wa taya.

Mu uku ne a motar a lokacin. Babba shi ne Dakta Bello, shi yake duba dabba, shi yake yanke hukunci. Daga shi sai Oga Modi direba, wanda ya girmi motar da kaɗan, ya kuma fi ta ƙara da yawa. Daga nan sai ni Haliru, shekarata goma sha bakwai, muƙamina kuwa mai riƙe ƙafa. Ma'anarsa, idan sa ya yi niyyar harbi, ni yake fara gaisarwa. Ƙa'idar aiki ita ce, duk lokacin da Dakta ba ya nan, maganar Oga Modi ce doka. Motar nan kuwa a wurinsa ba mota ba ce, gidansa ce. A ciki yake kwana, a ciki yake sallar nafila, dardumarsa tana rataye a jikin gado, kuma ko Dakta sai ya cire takalmi kafin ya taka shimfiɗar ciki.

A ranar muna wani ƙauye kusa da Danchadi. An gama cire albasa, rana tana dukan ƙasa kamar sun yi faɗa. Mun fara tun da sassafe, mun gama da awaki, ina wanke sirinji, sai ga wakilin mai unguwa ya taho da wasu samari biyar, kowa da gora a hannu.

Bayan gaisuwa ya ce, “Likita, ranka shi daɗe, taimako muka biɗa. Akwai wani kare nan da yah haukace. Ka yi mai allurar da za shi kwana shi wuce, mu huta.”

Dakta ya tambayi na wane ne. Aka ce na Baba Sahabi ne, wani dattijo manomin albasa. Kwana goma sha biyu da suka wuce ya faɗi a bakin rijiyar fadama ya karye a ƙugu, ɗansa ya zo ya ɗauke shi zuwa Dandin Mahe don a yi jinyarsa a can, aka bar karen. Tun daga ranar karen yake kwance a gindin rumbun albasa, ba ya cin abincin kowa sai ɗan abin da ba a rasa ba, sai kuka yake yi mai tsawo irin wanda mata ke cewa yana kiran mutuwa. Yara sun daina bin hanyar, tsofaffi sun fara ƙorafi.

Da na ji sunan sai na gane shi. Duna ne, baƙin kare mai farin ƙirji, ni na riƙe shi da daminar da ta wuce aka yi masa allura, har ya lashe mini kunne don godiya ko don ɗanɗano, ban sani ba.

A nan ku buɗe kunne, don wannan ɓangaren ba na wasa ba ne. Haukar kare cuta ce mai kisa, kada wani cikinku ya ji labarina ya je yana rungumar kowane kare a hanya. Dakta bai taɓa shi ba da farko. Daga nesa ya tsaya ya daɗe yana kallon idonsa da bakinsa da yadda yake tafiya. Ya tambaya ko ya ciji wani, aka ce a’a. Ko wani baƙon kare ya cije shi, aka ce ba a gani ba. Ya sa na tura masa ruwa da sanda, ya sha ya haɗiye lafiya lau. Sannan ya buɗe rajistarmu ya nuna wa wakili sunan Baba Sahabi da ranar da aka yi wa karen riga-kafi.

“Wanga kare ba hauka shikai ba,” in ji Dakta. “Kewar mai shi ta kama shi. Ba ni kashe lahiyayyar dabba.”

Wakili ya sosa ƙeya ya ce, “Likita, kai ka da ilimi, mu ka da ƙauye. In an yi la'asar shina nan, ban iya riƙe yaran ga.” Samarin suka gyara riƙon gorunansu don mu gane.

Da ma daga nan Shagari za mu wuce, Dandin Mahe kuwa a kan hanya take. Dakta ya ce shi ke nan, a kai wa mai kare karensa. Bai rufe baki ba sai ga wani bafulatani a kan babur, saniyarsa ta kasa haihuwa a wata ruga can wajen hanyar Shagari. Dakta ya ɗauki jakarsa ya haye bayan babur, ya waiwayo ya ce, “Modi, ku taho da karen, mu gamu Dandin Mahe.” Ƙura ta rufe shi. Bai faɗi yadda za a taho da shi ba, a nan kuwa bala'in ya fara.

Oga Modi ya dubi karen, ya dubi motarsa, ya ce, “Haliru, ɗauko igiya. A ɗaure mai ƙahwahu huɗu a aza shi bisa.”

Haka kowa a yankinmu ya san ana ɗaukar dabba. Akuya za ta kasuwa, a haɗe ƙafafunta a ɗora a saman mota. Rago, haka. Kaji, a juye su a rataye. Ba mugunta ba ce a wurin Oga Modi, abin da ya tashi ya gani ke nan. Samarin ma har sun matso za su taimaka.

Na hau saman motar na ɗora tafin hannuna a kan ƙarfen, na sauko da sauri fiye da yadda na hau. Wallahi da an fasa ƙwai a wurin, kafin a nemo gishiri ya ƙone.

Na ce, “Oga, in munka aza shi can, ba kare za mu kai ma Baba Sahabi ba, kilishi za mu kai mai.”

“Kai nit tambaya?”

“Ba ka tambaye ni ba, amma ban ɗaure shi.”

Tunda na fara aiki ban taɓa ce wa Oga Modi a’a ba a gaban mutane. A bayan idonsa kam na sha yi, har kwaikwayon tafiyarsa nake. Ya nuna ni da makullin mota ya ce, “To na sallame ka. Tahi gida wurin uwarka.” Wannan ita ce kora ta farko.

Na zauna a kan matakin ƙofar mota na ce to madalla, amma idan Dakta ya tambayi dalili zan ce masa na ƙi gasa majinyaci ne. Oga Modi ya yi ta faɗa. Ya ce ɗakin kwanansa ne, ya ce a nan yake sallah, ya ce tun kakanninsa ba a taɓa shigar da kare ɗaki ba, ya ce yaran zamani ba su da kunya ko ta ƙwayar gero. Na bar shi ya zazzage duka. Da ya gaji, shi da kansa ya kai hannu ya taɓa saman motar, ya janye da sauri yana yarfewa. Ya naɗe dardumarsa da shimfiɗarsa ya kai gaba, sannan ya ce, “Bakin ƙohwa. A ɗaure shi gajere. In yat taɓa min gado, kai da shi duk ku sauka.”

Na ji kamar an naɗa ni sarauta. To a nan ne ni ma na tafka tawa wautar, kuma ba zan ɓoye ta ba. Na ce a raina kare mai yunwa ba ya natsuwa. Na shiga zauren Baba Sahabi na samo tsohon kwanon da yake ba shi abinci, wata maƙwabciya ta ba ni ragowar tuwon dawa da miyar kuka, na cika kwanon. Duna da ya ga kwanon maigidansa sai ya tashi ya cinye tas, har yana tura kwanon da hanci. Na dubi samarin ina taƙama, ni ga gwani. Na sa masa igiya a wuya, na ɗauke shi cak na shigar da shi, na ɗaure a ƙarfen bakin ƙofa, na rufe tagogi wai don kada ya yi tsalle.

Oga Modi ya murɗa makulli. Ku da kuka san motarmu kun san ba tashi take yi ba, tari take fara yi, sannan atishawa, sannan ta girgiza kamar mai aljanu. Duna ya miƙe tsaye, kunnuwa a kwance, jela a tsakanin ƙafafu, jikinsa yana rawa har igiyar na kaɗawa. Da muka fara tafiya ƙasa ta riƙa zamewa a ƙarƙashinsa, ya riƙa karce ƙarfen ƙofa, yana haki, miyau na zuba. Oga Modi kuma ya ƙure rediyo wai don kada ya ji kukan. Na yi masa magana, na shafa shi, na rantse masa da cewa ba kasuwa za a kai shi ba, duk a banza. Ko ƙarshen gonakin ƙauyen ba mu kai ba muka faɗa wani rami, Duna ya dube ni da ido irin na ban haƙuri, ya dawo da tuwon nan gaba ɗaya. Bai zaɓi ko'ina ba sai cikin takalmin Juma'ar Oga Modi da ke ajiye a bakin ƙofa. Ƙafa biyu, ya raba daidai, ko mai awo a kasuwa albarka.

Birkin da aka taka ya sa na sumbaci akwatin ƙanƙara. Oga Modi ya zagayo ya buɗe ƙofa, ya ga takalminsa, ya yi salati mai tsawo wanda na tabbata an ji shi a Boɗinga.

“Sauka! Kai da ubangidanka!”

Kora ta biyu ke nan, kuma wannan karon da gaske yake. Na sauko da kare a hannu. Da na waiwaya sai na hangi samarin nan a ƙarƙashin wata bedi a bakin ƙauye, suna zaune da gorunansu suna kallonmu, ɗaya har yana ɗago mini hannu. Idan na saki igiyar nan Duna rumbu zai koma, kuma kafin la'asar an gama da shi.

Oga Modi ya ce, “Maida shi inda kaɗ ɗauko shi, ka taho ka wanke min takalmi, ƙila in yahe maka.”

Na ce, “Takalmi ni wanke, don laihina ne. Amma kare ba shi komawa. Dakta ya ce Dandin Mahe, to Dandin Mahe za mu, ko da ƙahwa.”

“Da ƙahwa? Cikin wagga rana? Ka san nisan?”

“In na mutu ka gaya ma innata aiki yak kashe ni.”

Na ja igiya na kama hanya. Gaskiya ban san nisan ba, da na sani da ƙila bakina bai yi wannan kaurin ba. Duna kuma bai ba ni haɗin kai ba ko kaɗan. Ya yi taku uku ya turje, ya waiwaya ƙauye, in ja shi ya zauna. Ƙasa tana ƙona mini ƙafa ta cikin silifa. A bayana ina jin motar tana biyo mu a hankali, Oga Modi ya leƙo da kai ta taga yana karanta mini tarihin rashin kunyata tun daga ranar da aka ɗauke ni aiki. Ya kasa wucewa ya bar ni, don bai san abin da zai gaya wa Dakta ba, ni kuma na kasa juyawa, don na riga na cika baki. Haka muka yi ta tafiya, yaro da kare a gaba, gida guda yana bin su a baya.

Sai ga amalanken shanu ya fito daga wata hanyar fadama, an yi masa lodin buhunan albasa, wani magidanci yana kora. Yana zuwa daidai mu sai Duna ya fizge igiyar daga hannuna. Na ce shi ke nan, ya gudu. Ashe ba gudu ya yi ba. Ƙarƙashin amalanken ya shige, tsakanin tayoyin nan biyu, ya daidaita takunsa da na shanun, ya saki jela, ya rufe baki. Karen da yanzun nan yake rawar jiki kamar mazari, ga shi yana tafiya kamar hakimi za shi ɗaurin aure.

Mai amalanken ya leƙa ƙasa ya yi dariya. “Kai, Duna ne! Ina za ku da shi?”

Na ba shi labari a gurguje. Ya ce, “Ai wanga kare tun shina ɗan kwikwiyo bai san wata tahiya ba sai ƙarƙashin amalanken Baba Sahabi. Gona, kasuwa, ko'ina nan ƙasa shika bi, cikin inuwa, tsoho na bisa shina yi ma shanu magana. Ku ko kun aza shi hili shina kallon duniya na gudu. Ko ni anka yi ma haka sai in yi amai.”

Na tsaya kamar an dasa ni. Tun safe kowa sama yake son kai karen nan. Oga Modi saman mota, ni kuma bakin ƙofa inda ba abin da ya rufe shi. Shi kuwa duk rayuwarsa ƙasa ya sani, wuri mai duhu, da wani abu a bisa kansa, da muryar mutum tana saukowa. A motarmu kuwa wuri ɗaya ne tak mai kama da haka.

Na koma wurin taga na ce, “Oga, na gano magani.”

“Ban son ji.”

“Ƙarƙashin gadonka.”

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza launi sau uku a lokaci guda ba sai ranar. Ya ce gadon da yake kwana? Ya ce in sake faɗa ya ji. Na sake faɗa. Mai amalanken, Allah ya saka masa, ya sa baki ya ce, “Haba Malam, karen tsaron gona ne hwa, ba na banza ba. Kuma tsohon can an ce ko hura ba shi sha sosai, kullum sai ya tambayi wa ka ba Duna abinci. Lada ce ta biyo ka har cikin mota.” Ni kuma na ƙara da cewa zan wanke motar ciki da waje har sau bakwai, in kuma ya ƙi, to ga hanya nan, mu ci gaba da tattaki, shi ma ya ci gaba da bin mu har magariba.

Oga Modi ya dubi rana, ya dubi agogonsa, ya dubi samarin da har yanzu ake hangowa. Ya ce, “Ƙarƙashi. Ba bisa ba. In nig ga ko gashi ɗaya bisa katihwa, sai na aske maka kai da kwalba.”

Wannan karon ban yi gaggawa ba. Na bar Duna a wurin mai amalanke na ruga gidan Baba Sahabi, na wuce samarin ina yi musu murmushi har kunne. A zaure na samo tsohuwar taguwar da yake zuwa gona da ita, da buhun da yake shimfiɗawa a kan amalanke ya zauna. Wari suke yi na zufa da albasa da shanu, ni dai na toshe hanci, amma Duna da ya shinshina sai da ya yi wani ɗan kuka a maƙoshi. Na wanke bakin ƙofa tas, na shimfiɗa buhun a ƙarƙashin gado, na ɗora taguwar, na saki bargo ta gefe ya yi inuwa. Na buɗe tagogi biyu iska ta ratsa. Ban ɗauke shi ba, ban ja shi ba. Mota a kashe, ƙofa a buɗe, na zauna a ciki na jira. Ya sa ƙafa ɗaya ya janye. Ya sake sawa. A karo na huɗu ya shige da kansa, ya zagaya sau biyu a kan buhun ya kwanta. Na sassauta igiyar yadda zai iya juyawa, na kwanta rubda-ciki a ƙasa, hannuna ɗaya a kan wuyansa.

Na ce, “Oga, a kashe rediyo. Ban da danna oda. Kuma tahiyar shanu za ka yi tukuna.”

“Yanzu kuma kai ka ba ni oda?”

“Ba ni ba, majinyaci.”

Da injin ya yi tarinsa Duna ya ɗago kai, rawar jikin ta dawo. Na tuna maganar mai amalanke, na fara kwaikwayon yadda ake yi wa shanu magana, ina taɓa harshe a dasashi ina cewa haa, haa. Ni ɗan cikin garin Boɗinga ne, ban taɓa korar amalanke ba. Abin da ya fito daga bakina ya fi kama da kazar da ta haɗiyi goro. Duna ya dube ni da mamaki, haki ya ƙaru.

Daga gaba sai na ji tsaki. “Wa yak koya maka wanga shirme? Kunyata mu za ka yi gaban kare?” Sai Oga Modi ya gyara murya, ya yi wani irin kiran da ban taɓa ji daga bakinsa ba, can ƙasa-ƙasa, a ja a sake, da ɗan taɓa harshe a tsakani. Ashe kafin ya kama sitiyari shekara da shekaru ya yi yana korar shanun huɗar mahaifinsa, bai taɓa gaya wa kowa ba. Na ji wuyan Duna yana saki a ƙarƙashin tafina kamar ana kwance ƙulli. Ya ɗora haɓa a kan taguwar ya yi ajiyar zuciya.

Haka muka fito har titi. Mai keken ɗinki ma da zai tura kekensa da ya wuce mu. Masu a-daidaita-sahu suna wucewa suna leƙen direban da yake magana shi kaɗai yana kiran shanun da babu su. A Boɗinga muka tsaya a inuwa, na fito da Duna ya taka ƙasa ya yi fitsari, na ba shi ruwa kaɗan, abinci kuwa ko ƙamshinsa ban bari ya ji ba, na koyi darasi. Da za mu tashi shi ya riga ni shiga. Daga nan Oga Modi ya ɗan ƙara wuta, amma duk rami sai ya rage, duk inda injin ya yi gurnani sai in ji ya soma kiran nan ba tare da na roƙe shi ba. Kafin mu kai rabin hanyar Dandin Mahe Duna har minshari yake.

Mun isa ana kiran la'asar. Dakta ya riga mu, yana zaune a ƙofar gidan ɗan Baba Sahabi, rigarsa duk jinin haihuwa, saniya da maraƙi sun tsira. Ina buɗe ƙofa Duna ya ɗaga hanci, ya sauka, bai tambayi kowa hanya ba ya shige zaure. A can aka shimfiɗa wa tsohon gado saboda zafi. Mun ji muryarsa tun kafin mu shiga: “Duna? Kai ne? Wa yak kawo ka?” Karen bai yi tsalle ba, kamar ya san akwai karaya. Ya lashi hannun da ya sauko masa, sannan ya shige ƙarƙashin gadon ya kwanta. Baba Sahabi ya share ido da gefen mayafi, ya dubi ɗansa ya ce, “Ina hurar nan da kunka dame ni da ita? Kawo ta.”

A hanyar Shagari Oga Modi ya kai ƙarata, bai rage komai ba. Dakta ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce na yi laifi biyu: na yi wa babba gardama a gaban jama'a, na kuma cika wa dabba ciki ana shirin tafiya. Hukunci, wankin mota bakwai da na yi alkawari, da takalmi a kai. Na ce na karɓi na tuwon hannu biyu. Na gardamar kuwa na ce a ƙara mini wanki bakwai tun yanzu, don in aka sake cewa in ɗora mai rai a kan ƙarfe mai zafi, zan sake ƙi. Dakta ya juya fuska wajen taga, amma na ga kafaɗarsa tana rawa.

Tun daga ranar, duk dabbar da za mu ɗauka a mota, sai an fara tambayar mai ita yadda ta saba tafiya da abin da ta saba ji. Abin da na koya ke nan a wannan sana'a: dabba ba ta da bakin faɗin abin da take tsoro, amma kullum akwai wani a kusa da ya sani, ko mai amalanke ne a hanya, ko direban da ya kore ka sau biyu. Mu da muke riƙe sirinji mun fi kowa saurin ɗauka cewa mun riga mun sani.

Taguwar mun bar wa Baba Sahabi. Buhun kuwa a mota aka manta shi, da na zo wanki na farko zan fitar da shi Oga Modi ya ce in mayar inda na gan shi, wai ko wata rana a samu wani majinyacin. Har gobe idan kuka tambaye shi zai rantse muku kare bai taɓa shiga ɗakinsa ba. Ku ce masa haka ne, Oga. Amma kada wanda ya sake taɓa buhun nan.